Watan da Ya Sauka a Rawanin Baffa

Ko da tsufa zai mantar da ni sunan matata (Allah ya kiyaye, tana kusa tana jina), ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kusa sa mutanen Wurno su ajiye azumi ranar bai cika ba. Zamanin Turawa ne, ina sabon malamin elementare, kaina ya fi hulata girma. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Sai na fara gaya muku ko ɗan waye ni, don ku san daga inda na faɗo. Gidanmu gidan malamai ne, kuma tun kakanni a wajenmu ake karɓar shaidar ganin wata kafin a kai wa uban ƙasa, shi kuma ya aika Sakkwato. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ne idon gidan. A duk shekara shi yake fara hango jinjirin wata, kuma ba a taɓa mayar da shaidarsa ba. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. In ya ga watan ba ya ihu, ba ya nuni. Sai ya sa tafin hannu ya dafe idanunsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sauke hannun ya ce ga shi can. Mutane suna cewa wata addu'a ce ta musamman yake karantawa, ni ma haka na ɗauka.

Ina ƙarami ya rasu, sai wansa, Baffa Liman, ya riƙe ni. Da aka ce kowane babban gida sai ya ba da yaro ɗaya a sa a boko, ni aka ba da, don ni ne maraya kuma ni na fi kowa surutu. Baffa bai taɓa zagin boko a gabana ba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo, ya daina tambayata komai. In ana maganar karatu a zaure sai ya tsallake ni ya tambayi na bayana. Sunana ma ya koma "ɗan bokon nan". Ina son mutumin nan ƙwarai, kuma ba abin da nake nema a duniya kamar ranar da zai kira ni ɗan ƙaninsa a gaban jama'a.

A makarantar horon malamai mun yi wani Bature da muke kira Duba-Sama, don ko tafiya yake kansa a ɗage yake, har ya taɓa faɗawa kwata. Shi ba ruwansa da komai sai ƙyalƙyali. Da an yi magariba zai fito da mu fili ya ce mu kalli yadda taurari suke ƙyafta ido. Ya ce ba tauraron ne yake rawa ba, iskar da ke tsakaninmu da shi ce take motsi, mai zafi na hawa mai sanyi na sauka, sai hasken ya riƙa karkacewa, kamar yadda kake ganin dutsen ƙarƙashin ruwa yana rawa a gulbi. Ya ce shi ya sa na kusa da ƙasa suka fi ƙyalƙyali, kuma shi ya sa wata ba ya yi, Zara matarsa ma da ƙyar take yi, don su faffaɗa ne a ido, iska ba ta iya wasa da su.

Yana kuma da wani ɗan bututun tagulla mai gilashi a baki. Sai ya rufe mu a ɗakin ajiya mu zauna cikin duhu har ido ya saba, sannan mu leƙa ɗaya bayan ɗaya. A ciki za ka ga tartsatsi ƙanana suna tashi suna mutuwa. Ya ce wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suke bugun wani farin gari, kowane bugu tartsatsi ɗaya, kuma a ƙasarsu masana sun daɗe suna zama a duhu suna ƙirga su da ido. Sai dai, in ji shi, ba sa yarda da ƙirgar mutum ɗaya, don ido in ya gaji yakan ga hasken da babu shi. Daga nan ya shiga bayanin ƙyalƙyalin da yake fitowa daga cikin mutum kansa. To, daidai nan aka kaɗa ƙararrawar abinci, ran nan kuwa shinkafa ce. Gangar jikina ta zauna a ajin, hankalina kuma ya riga ya bi layi da kwano. Wannan shinkafar ita ta ja mini duk abin da za ku ji.

Aka tura ni koyarwa Rabah. Kafin in kama aiki na biya kasuwar Sakkwato na sayi tabarau (ba na magani ba ne, gilashin taga ne kawai, idona lafiya lau). Da azumi ya zo ƙarshe na hau kekena na zo gida yin Sallah, na iske yanar ido ta makantar da Baffa, sai an ja masa hannu. Na ji tausayinsa, amma kada in yi muku ƙarya, a ƙasan tausayin akwai wata murya tana ce mini, gida ba ido, ga ka da huɗu.

Ranar da azumi ya cika ashirin da tara na zauna a zaure bayan azahar na buɗe wa mutane aji ba wanda ya roƙe ni. Na yi bayanin iska mai zafi da mai sanyi, na kawo dutsen gulbi, na buga ƙirji na ce duk abin da kuka ga yana ƙyalƙyali a sama ba wata ba ne, wata ba ya ƙyalƙyali, wannan ilmi ne. Wasu manoma da suka shigo daga Sisawa suka yi ta gyaɗa kai, ina jin yunwa ce ta hana su gardama. Baffa yana gefe yana jan carbi. Da na gama bai ce komai ba sai, "Allah shi amhwana."

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, irin zafin da ko kare ba ya haushi. Mutane ba sa hawa tudun yamma da gari sai rana ta kusa faɗuwa, amma ni tun da aka sallame la'asar na riga kowa. Na tsaya na ƙura wa yamma ido, rana tana dukan gilashin tabarau, ruwan fadama yana mayar mini da hasken a fuska. A lissafina, wanda ya fara dubawa shi zai fara gani. Ban yi barcin kirki ba kwana da kwanaki, maƙogwarona ya bushe, ga doguwar tafiyar keke ta jiya. Jama'a suka taru, aka shimfiɗa wa Baffa buzu, mai bindigar uban ƙasa ya zo da tsohuwar bindigarsa da za a harba in an tabbatar, masinja ya jingine kekensa yana jira. Rana ta faɗi, ladan ya kira salla, aka miƙo mini ruwa na kurɓa sau ɗaya ba tare da na sauke kai ba. Ko a cikin sallar, Allah ya gafarta mini, rabin zuciyata tana sama.

Muna sallamewa na miƙe na duba, sai na gan shi. Ɗan siriri, lanƙwasasshe, fari tas, sama kaɗan da inda jan rana ya rage. Yana wani ɗan motsi a gefe-gefensa, yana walƙiya. Ni da na cika zaure da cewa wata ba ya ƙyalƙyali, wallahi ko a jikina. Na manta da dafe ido irin na mahaifina, na manta da natsuwa, na daka tsalle har tabarau ya zame mini zuwa kan hanci.

"Ga shi can! Ga wata! Na gan shi!"

Tudu ya ɗauka. Mutane suka taru a bayana suna bin yatsana, wannan ya ce ina, wancan ya ce kauce ka tare mini. Aka ja ni gaban Baffa, na durƙusa ina haki.

"Mi kag gani?" in ji shi.

"Jinjirin wata, Baffa."

"Ina yat tsaya?"

"Bisa inda rana taf faɗi, dama kaɗan."

"Ƙahoninai fa, ina sunka dosa?"

Na ɗaga kai na sake dubawa. Sai na ga kamar ya ɗan ƙara girma, amma na ce a raina idona ne ya saba. Na faɗi inda suka dosa da murya irin ta mai ba da darasi. Baffa ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta ajiye azumi, ko akwai na biyu?

Nan Bawa mahauci ya kutso. Bawa mutum ne mai tumbi da faɗin rai, ya ɗaure wani bijimi tun tsakiyar azumi don naman Sallah, bijimin kuma kullum sai ƙara ramewa yake, Bawa yana ramewa tare da shi don baƙin ciki. Ya tsaya daidai kafaɗata, ya bi hannuna da kallo, ya ƙanƙance ido.

"Allah gafarta Malam, ni ma na gan shi! Ga shi can, siriri awa gashin gira. Wa ka gardama da mai ido huɗu?"

Aka yi kabbara. Mai bindiga ya fara ɗura albarushi, masinja ya ɗaga ƙafa zai hau keke, can cikin gari mata sun ji hayaniya har wata ta rangaɗa guɗa. Baffa ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ku ji, ɗan ƙanena na wanga. In Allah ya so, idon gidanmu bai mutu ba."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku daɗin da na ji ba. Abin da na shekara da shekaru ina jira ke nan, ga shi an faɗa a kan tudu, a gaban gari. Hawaye suka cika mini ido.

Sai Baffa ya ɗaga wa mai bindiga hannu. "Dakanta tukuna. Ba a harbi sai ya yi yadda ubanai ka yi." Ya juyo wajena. "Ɗana, dahe idanunka."

Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne, addu'ar ce ban sani ba, amma zan motsa baki. Na cire tabarau, na sa tafin hannu na rufe idanuna ruf.

Watan yana nan.

A cikin duhun tafin hannuna, ga shi ɓaro-ɓaro, ya ma fi kyau. Ya girma ya kai lauje, bakinsa ya yi haƙora irin na zarto, yana walƙiya da launi-launi. Na ƙara matse ido, ya ƙara haske. Na sauke hannu da sauri na dubi Baffa, sai ga wata zaune daram a kan rawaninsa, ya cinye masa rabin fuska. Na juya wajen Bawa, wata ya bi ni ya sauka a tumbin Bawa. Na dubi ƙasa, yana kan buzu. A lokacin ne muryar Duba-Sama ta dawo mini daga bayan ƙararrawar shinkafa, tana cewa akwai hasken da yake fitowa daga cikin mutum.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, kuma ya iya magana. Ya ce yi shiru, wa ya sani? Ga shaida na biyu ka samu, wataƙila ma watan gaskiya yana can bayan ƙura, gobe kowa zai ci nama ya sa maka albarka. In ka buɗe baki kuwa, kalmar da Baffa ya faɗa yanzu za ta koma inda ta fito, ka koma ɗan bokon nan har ka mutu. Na dubi mai bindiga, na dubi tsofaffin da suka wahala wata guda cikin wannan zafi, na tuna azumin gari guda ne zai hau wuyana saboda son a yabe ni. Baffa kuma yana riƙe da hannuna yana jira.

Na so in faɗi abin cikin hikima, da kalmomin ilmi, yadda zan tsira da ɗan mutunci. Abin da ya fito daga bakina, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, shi ne:

"Baffa... watan ya dawo bisa rawaninka."

Wani tsoho ya matso ya leƙa rawanin da gaske. Na ce, "Ba wata ba ne, cikin idona yake. Ko na ruhe ido ina ganinai. A tsai da bindiga."

Wanda ya fara fashewa da dariya masinja ne, har keken ya faɗi da shi. Daga nan kowa ya ɗauka. Mutanen Sisawa da na yi wa darasi da rana suka riƙe ciki, ɗaya yana cewa, "Malam, wagga iska mai zahi ta ko mai sanyi?" Aka juya kan Bawa, aka ce to kai fa, mi kag gani? Bawa ya share zufa, ya dube ni da idon wanda aka ci amanarsa, ya ce, "To ni dai na Malam nig gani. In ya ɗauke abinai, ni mi za ni cewa?" Aka sake kwashewa. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ƙasar Wurno kuwa tauri gare ta, ta ƙi.

Baffa bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce a ci gaba da dubawa. Aka duba har jan sama ya mutu, ba wanda ya ga komai, daga wani gari ma ba labari, aka ce gobe a tashi da azumi. Ni ban ga ƙarshen taron ba, don watan nawa ya yi ta faɗi har ya fice ta gefen ido, sai wani ciwon kai ya sauko mini a ɓari ɗaya kamar ana daka sakwara a ciki. Ta bayan gida na shiga, tabarau a aljihu.

Washegari na ƙi fita. Duk wanda ya wuce ƙofar gida sai ya ɗaga murya ya ce a gaida Malam, a tambaye shi ya kwanan wata. Ina kwance da hantsi na juya wa ƙofa baya, sai Goggo Hajo, ƙanwar su Baffa, ta shigo da tsumma mai sanyi ta ɗora mini a goshi. Ta zauna tana ƙunshe dariya.

"Mai haƙora na, ko? Shina walƙiya, sannan ɓarin kai shi biyo?"

Na tashi zaune. "Goggo, wa yag gaya miki?"

"Wanga wata ai namu na, na gida. Ni ma ina ganinai in na sha rana. Kakarku ta gan shi hat ta mutu. Ubanka kau ya hi kowa."

"Babana?"

"To mi kaka tsammani shika yi in ya dahe ido? Addu'a? Dubawa shikai ko watan na Allah na ko nashi na. In ya ruhe ido yag ga duhu, na sama na. In ya ga haske, sai shi ja bakinai shi koma gida shi kwanta. Baffanka yak koya mai, tun randa yat tashe mu cikin dare wai ya ga wata cikin randa."

Na yi dariya har kan ya sara mini, daga nan kuma na fashe da kuka, don sai a lokacin na gane. Baffa ya sani tun ina ba shi amsa, ko aƙalla ya yi zato. Da ya so, da tambaya ɗaya zai tsinka ni a gaban mutane. Sai ya fara kirana ɗan ƙaninsa tukuna, sannan ya miƙa mini abin in auna da kaina, ya zauna yana jiran ya ji wane irin ɗa ya riƙa.

Da yamma ya aiko a kira ni. Na zo ina sunkuyar da kai, ina jiran hukunci. Ya ce in ja masa hannu zuwa tudu. Na ce Baffa, ai yau talatin ta cika, ko an gani ko ba a gani ba gobe Sallah. Ya ce ya sani, shi dai yana son a gane masa. Muka ratsa gari ina jan sa, mutane suna murmushi, Bawa yana wasa wuƙa a ƙofar gidansa ya ɗauke kai kamar bai san ni ba. Bayan magariba watan ya fito, ko yaro ya gan shi, yana tsaye cak ba motsi ba walƙiya. Na sa hannu na dafe idanuna, na daɗe.

"Mi kag gani?" in ji Baffa.

"Duhu, Baffa."

"To yanzu ka ga wata," ya ce. "Baɗi kai ka tsayawa nan. Ido kowa na da shi. Wanda ka iya cewa na yi kure bindiga na ɗure, shi muka biɗa."

Na shekara da yawa ina tsayawa a tudun nan bayan rasuwarsa, kuma ba a taɓa mayar da shaidata ba, sai dai sunan Malam Wata-Bisa-Rawani ya bi ni har Goronyo da aka yi mini canji, jikokina ma sun san shi. Daga baya wani likita ya gaya mini abin ba a ido ma yake ba, a ƙwaƙwalwa yake tashi, shi ya sa rufe ido ba ya korarsa. Na ce masa Goggo Hajo ta riga shi, ita kuma ba ta karɓi ko sisi ba.

Tabarau dai na ba wa Bawa don mu shirya, ya sa shi ranar Sallah yana yanka. Ni kuwa tun daga ran nan, duk abin da na gani ya yi mini daɗi ƙwarai, wata ne ko wanin wata, sai na rufe ido tukuna. In na ga yana nan, na san nawa ne, sai in nemi tabarma in kwanta.